Casio fx-991ES PLUS: jarrabawar da take yi wa rana da wadda ake ajiye ta a bakin ƙofa

In ka shiga shagon kayan karatu ka ce a ba ka kalkuletar kimiyya, da wuya in ba fx-991ES PLUS za a fara miƙo maka ba, kuma ta cancanci wannan farin jini. Sai dai kafin a tambayi ko tana da kyau, a fara tambayar wace jarrabawa yaron zai zauna. Kalkuletar da ke fitar da ɗan WAEC kunya a takardar tiyori ita ce za a karɓe wa ɗan JAMB tun a layin bincike, ita ce kuma ba za ta kai ɗan IB (jarrabawar kammala sakandare ta ƙasa da ƙasa) ko'ina ba a takardarsa ta biyu. Ƙasashe sun sha bamban a kan abin da jarrabawar lissafi take aunawa, kuma dokar kalkuleta na daga cikin wuraren da bambancin ya fi fitowa fili.

Jikinta dai ba shi da abin kushewa. Tsawonta wajen santimita 16, nauyinta giram 95, da murfi mai zamewa da ake juyawa a sa a baya. Tana shan wuta ta hanya biyu: ɗan faifan sola a sama, da batir ƙwaya ɗaya samfurin LR44, mai kama da maɓallin riga. Kamfanin ya ƙirga mata ayyuka 417, amma kaɗan ne daga ciki ɗan sakandare zai taɓa. Abin da ya ɗaga ta sama da tsofaffin samfura irin fx-82MS shi ne fuskarta na rubuta lissafi yadda yake a littafi, lambar sama a sama, ta ƙasa a ƙasa, alamar √ ta rufe abin da ke ƙarƙashinta. Wannan kaɗai yana rage kuskuren sa alamar baka, wato ( ), sosai. Rauninta biyu: fuskar ba ta da fitila, don haka a ɗakin da haske bai wadata ba sai an ƙara duhun rubutun ta SHIFT, MODE, kibiyar ƙasa, 6, sannan an ƙera ta ne don zafin da bai wuce digiri 40 ba. Wanda ya bar ta a gaban mota cikin ranar Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri ya cuci batirin da fuskar gaba ɗaya.

A WAEC take cin kasuwarta

Lissafin gama-gari na WASSCE, wanda ake yi a Najeriya da Gana da Saliyo da Laberiya da Gambiya, takarda biyu ne. Ta farko tambayoyin zaɓi 50 cikin awa ɗaya da rabi, wato daƙiƙa 108 ga kowace tambaya. Ta biyu awa biyu da rabi, maki 100: tambayoyi biyar na dole masu maki 40, sai a zaɓi biyar daga cikin takwas masu maki 60. Umarnin takardar ya yarda da kalkuleta mara sauti, mara waya, wadda ba a iya shigar mata da manhaja. fx-991ES PLUS tana cikin wannan rukuni. Duk da haka a karanta sanarwar shekarar, a kuma tambayi malamin da ke kula da jarrabawa a makaranta tun kafin ranar, domin hukuma na da ikon ayyana irin wadda za a shiga da ita, kuma bakin ƙofar ɗakin jarrabawa ba wurin muhawara da mai sa ido ba ne.

Aikin da ya fi kowanne riba a nan shi ne TABLE. Kusan kowace shekara akwai tambayar da ke cewa a kwafi jadawali a cike guraben y sannan a zana giraf. A danna MODE, 7, a rubuta misali 2X² − 3X − 5, a ba ta mafari −3, ƙarshe 4, tazara 1. Nan take lambobi takwas za su jeru, na farko 22. Aikin da zai ci mintoci da hannu, kuma alamar ɗebewa ɗaya ta lalata giraf ɗin duka, ya ƙare cikin ƙiftawar ido. Iyakarta lambobi 30. In aka ce daga digiri 0 zuwa 360 da tazarar 30, lambobi 13 ke nan, lafiya lau. In aka sa tazarar 10 sun zama 37, sai ta rubuta Insufficient MEM. Ba lalacewa ta yi ba, raba aikin biyu za a yi.

Sai EQN, wato MODE, 5. Lamba 1 na warware ikweshan biyu masu x da y, lamba 2 guda uku, lamba 3 mai x², lamba 4 mai x³. A nan ne ɗalibai suka fi faɗawa rami. Kalkuletar na jiran lambar da ba ta da harafi a ɓangaren dama na alamar daidai. In tambaya ta zo da 2x + 3y − 12 = 0, abin da za a shigar shi ne 2, 3, 12. Wanda ya shigar da −12 zai samu amsa tsaf, amma ba daidai ba, kuma babu abin da zai nuna masa ya yi kuskure. Haka kuma in aka ba ta x² + 2x + 5 = 0, za ta kawo −1 + 2i da −1 − 2i. Wannan ƙaramin i yana nufin ikweshan ɗin ba shi da amsa a cikin lambobin da manhajar lissafin gama-gari ta sani. Yaron da bai lura da shi ba zai kwafe −1 + 2 ya rubuta 1.

Abin da ya kamata kowane malami ya dinga nanata wa ajinsa shi ne yadda ake raba maki a tiyori. Akwai makin hanya, akwai makin amsa, kuma na amsa yana rataye ne a wuyan na hanya. Ɗalibin da ya rubuta x = 3, x = 2 kawai daga kalkuleta ya kawo amsa daidai amma ya bar yawancin makin a ƙasa. Ga kuma tambayoyin da ke farawa da cewa kada a yi amfani da jadawalin lissafi ko kalkuleta. A irinsu, amfanin na'urar ɗaya ne: in ka gama aikinka ka samu 7√3 daga √12 + √75, sai ka danna ka tabbatar, domin ita ma a siffar 7√3 za ta nuna maka. Ta haka ake cin moriyarta, a matsayin mai duba aiki.

Ƙananan saiti masu cin maki

Yawancin asarar da ake ɗora wa kalkuleta daga saiti take. Babba a cikinsu ma'aunin kusurwa ne. A saman fuskar akwai ƙaramin harafi, D ko R ko G. Da D, sin 30 zai ba da rabi. Da R zai ba da −0.988. Da G zai ba da 0.454, kuma wannan ya fi haɗari saboda ya yi kama da amsar kirki. SHIFT, MODE, 3 na mayar da ita digiri, 4 kuma radiyan. Ɗan lissafin gama-gari digiri yake buƙata kusan kullum. Ɗan A Level da ke haɗa kalkulas da sin ko cos dole ya koma radiyan, in ba haka ba lambar da za ta fito ba ta da wata ma'ana.

Na biyu Fix, mai ƙayyade yawan lambobin da ke bayan ɗigo. In wani ya ari kalkuletar ya bar ta a Fix 2, to 0.004 zai fito a matsayin 0.00. Na uku Norm, mai tsara yadda ƙananan lambobi ke fitowa: a Norm 1, 1 ÷ 200 yana fitowa 5 × 10⁻³, kuma mai gaggawa kan ga 5 ɗin kawai ya kwafe. SHIFT, MODE, 8, 2 zai sa ta nuna 0.005. Mu a ganinmu Norm 2 ya fi dacewa da ɗan sakandare.

A ƙididdiga kuma, a gwada lambobin nan: 2, 4, 4, 4, 5, 5, 7, 9. MODE, 3, 1, a shigar da su ɗaya bayan ɗaya, a danna AC, sannan SHIFT, 1, 4. Lamba 2 za ta ba da matsakaici, 5. Lamba 3, wato σx, za ta ba da 2. Lamba 4, wato sx, za ta ba da 2.138. Dukansu ma'aunin warwatsuwar lambobi ne, amma na farko ya raba da 8, na biyu da 7. Littattafan WAEC na sakandare da na farkon suke aiki. Wanda ya tafi inda ake koyar da ƙididdigar samfuri zai tarar ana neman na biyun. Ginshiƙin maimaituwa kuma a kashe yake zuwa, sai an kunna shi ta SHIFT, MODE, kibiyar ƙasa, 4, 1, kuma a yi hakan kafin a shigar da lambobi, domin canza saitin na share duk abin da aka riga aka shigar.

Hatta π ba a yarda da shi iri ɗaya ba. Tambayoyin WAEC kan ce a ɗauki π a matsayin 22/7. Takardar IGCSE ta Cambridge cewa take a yi amfani da π na kalkuleta ko 3.142. Da'irar da rabin faɗinta santimita 21 ne, girman filinta 1386 ne da 22/7, amma 1385.44 da madannin π. Ɗan WAEC da hannunsa ya saba da madannin zai kawo 1385 inda ake jiran 1386. Wanda kuma ya ɗauki 22/7 ya kai wa Cambridge yana iya fita daga iyakar da aka yarda da ita. Taƙaita amsa ma haka: Cambridge na son lambobi uku masu ƙima, kusurwa kuma lamba ɗaya bayan ɗigo, yayin da takardun kammala sakandare na Afirka ta Kudu ke cewa lambobi biyu bayan ɗigo sai in an faɗi akasin haka. Kalkuletar ba ta san ƙasar da take ba, ɗalibi ne zai sani.

Inda ba ta shiga

JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya tun 2015, kuma kalkuleta na cikin kayan da aka hana shiga da su, tare da waya da agogo. Akwai 'yar ƙarama a fuskar kwamfutar, ta lissafin yau da kullum. Tambayoyi 180 ne cikin awa biyu, 60 na Ingilishi da 40 ga kowane ɗaya daga darussa ukun, wato daƙiƙa 40 ga kowace tambaya. A wannan gudu, jan linzamin kwamfuta zuwa kalkuleta ana danna lamba ɗaya bayan ɗaya asarar lokaci ce. An tsara tambayoyin ne don wanda ya haddace sin da cos na 30 da 45 da 60, ya san murabba'in lambobi har zuwa 20 ko 25, ya iya soke lambar sama da ta ƙasa da ido. Wannan shi ne babban abin da ke damunmu game da fx-991ES PLUS: kyanta ne ke kashe wa yara hannu. Yaron da aka saya wa ita tun SS1, ya shekara uku yana danna mata 7 × 8, shi ne zai zauna JAMB a shekarar da zai zauna WAEC. Shawararmu ita ce duk atisayen tambayoyin zaɓi a yi shi kalkuleta na cikin jaka, a fito da ita sai an zo tiyori ko duba amsa.

JAMB ba ita kaɗai ke da wannan ra'ayi ba. Gaokao, jarrabawar shiga jami'a ta Sin, wadda ake farawa ranar 7 ga Yuni, lissafinta maki 150 ne cikin awa biyu, kuma a kusan dukkan larduna babu kalkuleta. Shanghai ce aka sani da yarda da ita. Jarrabawar shiga jami'a ta Koriya ta Kudu, da ake yi a Nuwamba, tambayoyin lissafi 30 ne cikin minti 100, da fensir da kai kawai. JEE, jarrabawar shiga karatun injiniya ta Indiya, ma haka, ga kuma ɗebe maki ɗaya a kan kowace amsar zaɓi da aka kuskure, a ba da huɗu a kan wadda aka dace. A waɗannan ƙasashe lambobin cikin tambaya kan zo da sauƙi, wahalar tana cikin gano hanya.

Cambridge kuwa tsakiya ta bi. Daga 2025, lissafin IGCSE mai lamba 0580 ya rabu biyu daidai: a babban mataki, takarda ta 2 babu kalkuleta, takarda ta 4 da ita, kowacce awa biyu da maki 100. Wato rabin sakamakon yaro na fitowa ne daga ɗakin da na'urar ba ta shiga. Iyayen da 'ya'yansu ke makarantun da ke haɗa WAEC da IGCSE su lura da wannan, domin tsofaffin takardun kafin 2025 da ake bitar su duk da kalkuleta aka yi su, kuma wanda ya dogara da su kaɗai zai sha mamaki. GCSE ta Ingila ta daɗe da irin wannan tsari, takarda ɗaya cikin uku ba a shiga da kalkuleta.

A Level iri biyu ne, kuma ba abu ɗaya suke nema ba

Nan ne ake yawan sayen abin da bai dace ba. A Level na Cambridge na ƙasa da ƙasa, mai lamba 9709, kalkuletar kimiyya yake so. Ya hana mai zana giraf, ya hana mai sarrafa aljabara da haruffa. fx-991ES PLUS tana yin kalkulas, amma da lambobi kawai: in ka ba ta x² daga 0 zuwa 1 za ta kawo sulusi, ba za ta taɓa rubuta maka x³/3 ba. Shi ya sa ta halatta. Ana kuma raba ɗan littafin ƙa'idoji mai ɗauke da jadawalin rarrabuwar nomal, don haka babu abin da ɗalibi zai rasa. A bangon takardar an rubuta ƙarara cewa amsar da ta fito daga kalkuleta ba tare da aiki ba ba ta da maki. Ga wannan jarrabawa, ta wadatar.

A Level na cikin Ingila, na hukumomi irin su Edexcel da AQA da OCR, tun sauyin 2017 ya wajabta kalkuletar da ke iya fitar da yiwuwa kai tsaye daga sanannun rarrabuwar ƙididdiga. A nan fx-991ES PLUS ta gaza. Tana da ɗan abin nomal a ɓoye: MODE, 3, 1, AC, SHIFT, 1, 5, 1, a sa 1.96, za ta ba da 0.975. Amma ba ta juya lissafin ta ba ka z daga yiwuwa, kuma ba ta da bainomiyal. Ana iya yi mata dabara da alamar Σ haɗe da nCr, misali gwaji 10 da yiwuwar 0.3, jimillar daga 0 zuwa 3 ta fito 0.6496, sai dai dannawar na da yawa kuma baka ɗaya ya ɓace an tashi a tutar babu. Wanda zai zauna wannan ya nemi fx-991EX, mai ayyuka 552 da fuska mai kaifi, ko magajiyarta fx-991CW. Game da CW ɗin, a sani an cire madannin S⇔D da ke juya amsa zuwa lamba mai ɗigo da dannawa ɗaya, an maye shi da FORMAT mai buɗe jerin zaɓi. Wanda hannunsa ya saba da tsohon tsari kada ya canza saura mako biyu jarrabawa.

SAT, jarrabawar neman shiga jami'a ta Amurka, ta yarda da kowace kalkuletar kimiyya, don haka tamu na shiga. Amma tun da jarrabawar ta koma kwamfuta, a 2023 ga ƙasashen waje da 2024 a cikin Amurka, manhajar Bluebook da ake yin ta a kai na ɗauke da Desmos, mai zana giraf. Lissafin tambayoyi 44 ne cikin minti 70, kashi biyu, kusan daƙiƙa 95 kowacce, kuma wahalar kashi na biyu ta danganta da yadda aka yi a na farko. Tambayar da ke neman inda layi biyu suka haɗu, a Desmos rubuta su kawai za a yi a taɓa mahaɗar. Wanda ya je da Casio kaɗai bai koyi Desmos ba ya bar makami mafi kaifi a kan tebur, ga shi kyauta ne a intanet. A riƙe Casio don ƙananan lissafi, inda yatsa ya fi linzami sauri. Daga 2025 kuma an hana kalkuletoci masu sarrafa aljabara, don haka kada a kashe kuɗi a kan irin TI-Nspire CAS saboda SAT.

Akwai wani tarko ga mai tsallakawa daga wata na'ura zuwa wata. A rubuta 1 ÷ 2π. fx-991ES PLUS na ɗaukar 2π a matsayin abu ɗaya, ta ba da 0.159. TI-84 na bi daga hagu zuwa dama, ta ba da 1.571. Babu wadda ta yi ƙarya, ƙa'idar kamfanonin ce ta bambanta. Maganinsa sa baka a kullum, ko amfani da madannin lamba mai sama da ƙasa. Haka −3² ke fitowa −9, sai an kewaye −3 da baka kafin a samu 9.

IB ba ta da dogon zance: manhajojin lissafinta biyu duka na buƙatar kalkuleta mai zana giraf, irin TI-84 Plus CE ko Casio fx-CG50. A ɗaya daga cikinsu takarda ta farko babu kalkuleta sam, a ɗayar kuma duk takardun da ita ake yi. fx-991ES PLUS ba ta maye gurbin wannan.

Faransa kuwa wata hanya ta ɗauka. Tun zangon 2020, kalkuletar da ke iya ajiye rubutu ba ta shiga ɗakin bakaloriya sai tana da saitin jarrabawa, wanda ke kulle ma'ajiyarta ya kunna wata 'yar fitila mai ƙiftawa a samanta don mai sa ido ya hango daga nesa. A cikin ɗakin ake kunna shi, in an ba da umarni. Wadda ba ta ajiye rubutu, irin tamu, ba ta buƙatar wannan, amma ajin lissafi a can da masu giraf yake tafiya, irin su NumWorks da TI-83 Premium CE da Casio Graph 35+E II. Ga ɗaliban Nijar, waɗanda ke rubuta 3,14 da waƙafi kamar yadda tsarin Faransanci yake, akwai saiti mai amfani: SHIFT, MODE, kibiyar ƙasa, 5, 2 zai sa amsa ta fito da waƙafi. Wanda ya tsallako daga Maraɗi ko Damagaram zuwa makarantar Najeriya ya mayar da ita ɗigo, ya kuma saba wa hannunsa, domin mai gyaran takarda a nan in ya ga 1,250 dubu ɗaya da ɗari biyu da hamsin zai karanta.

Wasu wuraren ma ba sa barin zancen ga fassarar mai sa ido. Singafo na fitar da jerin samfuran da aka amince da su, Hong Kong kuma sai kalkuleta na ɗauke da tambarin hukumar jarrabawarta a jiki. Shi ya sa Casio ke ƙera samfura na musamman masu SG ko ZA ko DE a sunansu. Tsari ne mai kyau, yana raba ɗalibi da fargaba.

Jabu

Saboda farin jininta, jabunta ya cika kasuwa, kuma wasu sai an duba da kyau. In bugu na biyu ce, wadda aka rubuta 2nd edition a jikinta, a danna MODE sannan 0. Za ta nuna lambar shaida mai haruffa 24 da alamar QR da ke kaiwa shafin Casio don tantancewa. A yi wannan a gaban mai shago kafin a biya. Gwaji na biyu na faifan sola ne: ta asali na kunnuwa a cikin haske mai ƙarfi ko an cire batir, yayin da a jabu da yawa faifan ado ne kawai. Sai a duba rubutun sunan kamfanin harafi bayan harafi, a danna kowane madanni a ji ko yana maƙalewa, a gwada √12 + √75 da jadawalin da muka ambata. Illar jabu ba ta tsaya ga saurin lalacewa ba. Madanni ya ƙi shiga sau ɗaya a tsakiyar lamba mai tsawo, 1386 ya zama 136, kuma mai sauri ba zai lura ba.

Ga ɗan WAEC da NECO, da mai A Level na Cambridge, da ɗan ajin farko na injiniya da ke buƙatar matiriks 3 × 3 da lambobi masu i, muna ba da shawarar a saye ta ba tare da shakka ba. Wanda ke JSS bai kai gare ta ba tukuna.

Batirinta kan kai kimanin shekara uku in ana amfani da ita awa ɗaya a rana, kuma kamfanin ya ce a canza shi duk shekara uku ko da bai nuna gajiya ba, domin mataccen batir kan zubar da ruwa ya ci cikin na'urar. Wadda aka saya a SS1 ke nan batirinta na kan gaɓa daidai lokacin WAEC. Alamar rauninsa ita ce rubutu ya dushe ko an ƙara duhu, ko ya yi jinkirin fitowa bayan an danna ON. A kashe ta da SHIFT, AC, a kwance ɗan sukurun murfin batir a baya, a sa sabon LR44 ɓangaren + na kallon sama, a rufe, a kunna. Sannan SHIFT, 9, 3, =, wanda ke share komai ya mayar da ita yadda ta fito daga kamfani. A yi wannan sharewar a daren jarrabawa ma, tunda hukumomin Ingila da Cambridge ɗalibi suke ɗora wa alhakin tabbatar da babu abin da aka ajiye a ciki, kuma murfin da ke da rubutu ko ƙa'idoji a jikinsa a waje ake barinsa. Bayan sharewa a tuna saitin ya koma Norm 1, ginshiƙin maimaituwa ya mutu, waƙafi ya koma ɗigo. A gyara waɗanda ake buƙata, a danna sin 30, a ga rabi ya fito kafin a sa ta a jaka.